Ciwon Baba Ba a Gabas Yake Ba

"Lahiya lau muke, in ban da ganinki. Wa yam mutu kinka biyo da sauri haka?"

"Ba wanda yam mutu tukuna. Kai nika jira, na zo in ga ko ka gama shiri."

Haka na ji sun fara, ina tsugune bayan zanar rumfar Baba a bakin gulbi. Ni da shekara arba'in da ɗaya da furfura a gemu, ga ni laɓe kamar ɓarawon kaji. Mai maganar farko mahaifina ne, Siddo mai jirgi. Mai amsawa Gwaggo Kadi ce, taubashiyarsa, don ubanta da uwar Baba ciki ɗaya suka fito. Shekara talatin ta yi tana aikin ungozoma a matarnite, asibitin haihuwa, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. A duk Gaya ita kaɗai ke iya cire wa Baba hula cikin taro ya yi dariya, shi ya sa na je har gida na roƙe ta ta zo.

Wata biyu ke nan Baba ba daidai yake ba. Mutumin da ke cira buhun albasa shi kaɗai ya koma in ya yi tari sai ya dunƙule. Da ƙyar aka lallashe shi muka je asibiti. Majo Mutari, babban mai jinya, ya tambaye shi ina ke masa ciwo. Baba na zaune kan benci ya ce gabas. Majo ya sa shi ya hau gado ya kwanta, ya sake tambaya. Baba ya leƙa taga, ya yi ɗan nazari, ya ce yanzu kam ciwon ya koma kudu, wajen Malanville. Ba iya shege yake yi ba. Tsofaffinmu na bakin gulbi haka suke magana, ko ƙuda ya sauka maka a fuska sai su ce kore shi, yana kumatunka na yamma. Da Majo ya ce to ya ɗaga riga ya sassauta wando, Baba ya dubi matan da ke aiki a ɗakin, ya dubi inda nake, ya sauko ya sa takalmansa. Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, balle ya kwance wando a gabana.

Majo ya ja ni gefe. Ya ce yana zaton ƙaba ce, kuma in hanji ya maƙale a cikinta Baba na tsakiyar ruwa, ba lalle ya kai gaci ba. Ya ce lokotorori, likitoci masu aikin tiyata, za su zo ranar Alhamis, kwana uku kawai za su yi, kuma yau da la'asar yake rufe sunaye. Ba zai rubuta mutum ba bai san wurin ciwonsa ba. Ya ba ni wata takarda mai zanen mutum, gaba da baya, ya ce ko alama ce a sa masa a kai.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, tun da aka rufe gadar Malanville kamiyona, babbar motar da nake tuƙawa, ke ajiye, aikin jirgi kuwa ya tashi, har sau biyu ana zuwa neman Baba ya sayar da nasa. Sai ya sa a ransa cewa so nake in kwantar da shi asibiti in sayar da jirgin. Wallahi ko a mafarki ban yi wannan tunani ba, kuma zargin ya ci min rai ƙwarai.

Gwaggo ta zauna bakin tabarma ba tare da an ce ta zauna ba, ta ce kifi ta zo saya. Baba ya ce tun gashinta na baƙi ya bar su, kuma ta sani. Ta ce to ƙetare za ta, ya tashi ya kai ta. Ya tuna mata ranar da ta taɓa shiga jirginsa, yadda ta rungume masa ƙafa tun daga wannan gaci har wancan, ta karanta duk surorin da ta sani har da waɗanda ta ƙirƙira a hanya.

"Kadi, wa ya aiko ki?"

"Ana aiken uwargijiya wurin bawanta? Ni ɗiyar namiji ce, kai ɗan mace. Dukiyata naz zo dubawa, an ce mini ta hwara lalacewa."

"Wa yac ce?"

"Gari duka. An ce tahiya kaka yi kamar mai ɗauke da ƙwai cikin wando."

"Mai motar can ne. Mi yay yi miki alkawari? Rabin jirgin?"

"Mi zan yi da rabin tsohon katako? Ko wuta ba shi ci, ya sha ruwa kamar mai shi."

"To mi kika ɓoyewa ƙarƙashin gyale? Tun ɗazu hannunki bai hito ba. Ke da hannunki ba shi zama sai cikin kwanon mutane."

Sai ta fito da takardar ta shimfiɗa a tabarma. Ta tsagar zana na ga Baba ya ja jiki baya. Ya ce me ya haɗa shi da mutum tsirara, ba ido ba baki. Ya ce irin wannan bokaye ke binnewa a ƙofar gida. Da ta rantse daga asibiti take, ya ce to ai ta fi sammu muni, don ya san wani a garin Dole da ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, ya wayi gari gonarsa ta zama ta wani. Ya sa ta juya takardar ya ga bayanta. Ya karɓa da yatsa biyu ya ɗaga wa rana, wai ko akwai rubutun da aka ɓoye a ciki.

"Don mi yab buɗe tahin hannu haka, kamar wanda ƴan duwan na bakin iyaka sunka tsare?"

"Don ba shi ɓoye komi. Ba irinka ba ne."

"Duk wanda yat tsaya haka ya yi laihi."

"Kai dai jahilci ya yi maka rawani. Saurara in ba ka abin da na yi shekara talatin ina ji."

Ta ce masa lokotororin duniya duka sun yi shawara ɗaya: in za a faɗi wuri a jikin mutum, ana ɗauka a tsaye yake kamar wannan, fuska gaba, hannuwa a gefe, tafuka a buɗe. Ko mutum na kwance, ko rub da ciki yake, ko an rataye shi ta ƙafa, haka za a lissafa shi. Abin da ke wajen kai shi ne bisa, abin da ke wajen ƙafa shi ne ƙasa. Ciki da ƙirji gaba, ƙeya da gadon baya baya. Ta sa yatsa ta ja layi daga tsakar kan zanen, ta bi hanci, ta bi cibiya, ta ce wannan layi shi ke raba mutum biyu, komi ko dai yana kusa da shi ko yana can gefe. A hannu da ƙafa kuwa ana cewa kusa da tushe ko nesa da shi, gwiwar hannu ta fi wuyan hannu kusa da kafaɗa. Sai kuma a ce abu na nan kusa da fata ko yana can ciki.

Baba ya saurara yana gyaɗa kai irin na wanda ake wa tallan maganin ƙarya. Da ta gama ya ce duk ya ji, amma shi gabas bai taɓa ganin ta yi ƙarya ba, Allah ne ya ajiye ta, kullum can rana ke fitowa.

"Gabas ba ta motsi, Siddo. Kai ne ke motsi."

"To su zauna wuri ɗaya su tambaye ni. Su ne ke juya mutum kamar waina."

"Bari in tambaye ka. In jirginka ya yi yoyo ka aika a kira Hama kafinta, gabas kaka ce mishi?"

"Ni mahaukaci ne? Jirgin da ke juyawa sau ɗari a yini?"

Nan fa ta taɓo masa inda yake so. Ya gyara zama ya shiga koya mata, har da nuna ta da yatsa. Ya ce jirgi yana da goshi yana da gindi, ko Benin ya dosa ko Nijar goshi goshi ne. Yana da dama da hagu, kuma nasa ne, ana sanin su in mutum ya zauna a gindi yana duban goshi. Ana ƙirga katako daga na tsakiya zuwa baki. Ana faɗin ko tsagar bisa ruwa take ko ƙarƙashin ruwa, ko daga ciki ta soma ko daga waje. Ya ce wanda bai iya wannan ba bai kamata ko kwano a ba shi ya tuƙa ba, balle... Sai ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Ni kuwa na cusa hannun riga a baki don kada dariya ta tona ni.

"Ci gaba mana, Malam," in ji Gwaggo. "Karatun ya yi daɗi."

"Tarko kinka ɗana mini."

"Kai kas saƙa shi da bakinka. Katako ka san damarshi da hagunshi, jikin da uwarka ta haihwa kuwa sai ka leƙa taga. To hwaɗi. Bisa cibiya ko ƙasa?"

"Ni lahiyata lau."

"Na sani. Bisa ko ƙasa?"

Can ya ce shi ba abin da ke damunsa, amma akwai jirgin wani abokinsa, tsohon jirgi, da ya ɗan sami matsala. Gwaggo ba ta ko murmusa ba. Ta ce Allah sarki, ta tambaya ko jirgin abokin yana da cibiya. Ya ce yana da ita.

"Ƙasa da ita ne," ya ce.

"Gaba ko baya?"

"Gaba."

"Bisa layin tsakiya ko gehe?"

"Gehe kaɗan. Inda ciki yag gamu da cinya."

"Can ciki yake ko ana taɓa shi?"

"Ke wai ɗan sanda ce? Ana taɓa shi. Kululu ne kamar lemun tsami. In an yi tari ko an ɗaga kaya shi hito, in an kwanta shi koma."

"Kullum yana komawa?"

Da ya amsa, murya ta sauka har sai da na manna kunne a zana. Ya ce ranar Laraba da ta wuce abin ya fito ya ƙi komawa. Yana tsakiyar gulbi, mutum goma sha biyu a jirgi, har da mace mai goyo. Ya ce gumi ya rufe masa ido, ya yi amai a ruwa ya ce musu kifin da ya ci ne ya lalace. Bai san yadda ya kai gaci ba. Daga azahar har bayan la'asar yana kwance ƙarƙashin wata bishiya a ƙetare kafin abin ya koma. A nan ya manta da abokinsa, "ni" yake ta cewa.

Dariyar da nake dannewa ta tafi. Ranar Laraban nan ina zaune a tasha ina shan shayi ina surutun siyasa. Na ji kunya, na ji tsoro.

Gwaggo ma ta tsorata, amma ba ta bari ya gani ba. Ta ce ita tun farko ta san ba mutuwar kirki zai yi ba, a ƙasar mutane zai faɗi a sa ta wahalar ɗauko gawa da jirgi. Ta ciro bik, wato biro, daga ɗaurin zane ta miƙa masa, ta ce ya sa alama. Ya ce wane gefe ai dama ne, ta rubuta da kanta. Ta ce ita idonta ya mutu, kuma bawa ba ya sa uwargijiya aiki. Ya karɓi bik ɗin, ya sa ta sake rantsewa da kabarin ubanta cewa alamar ba sa hannun ciniki ba ce, sannan ya duƙa ya yi ɗan gicciye a matsematsin zanen, a gefen takardar da ke wajen hannunsa na dama.

Ta ɗauka ta duba, ta dube shi, ta sake duba takardar.

"Wane hannu kac ce?"

"Dama. Kunnen ma ya mutu?"

"Wanda kaka cin tuwo da shi?"

"Da wane nika ci, da ƙahwa?"

"To ka sa wa bawan Allah ciwo a hagu."

Baba ya ce ƙarya take, ga hannunsa na dama ga alama, suna duban juna. Ba ta yi gardama ba. Ta juya takardar ta manna masa a ƙirji, zanen na duban waje kamar yadda shi yake duban waje, ta ce ya sunkuya ya ga inda alamar ta faɗa. Ya sunkuya. Alamar na gefen hagunsa. Ya cire takardar ya sake dubawa, ya mayar a ƙirji, ya sake cirewa.

"Ban hwaɗa miki ba? Munahuki ne. Yana gabana yana nan, na juya shi ya koma can. Da irin wanga za a yanka mutum?"

"Duban ka shika yi, sakarai. In kun gaisa da mutum, hannuwanku ba gicciyewa suke ba? Damarshi tana wajen hagunka. Lokotoro damar mai ciwo shika rubutawa, ba tashi ba."

"Da na bar shi haka hwa?"

"Da sun duba ka sun ga takarda ta yi ƙarya, su ce tsohon nan bai san jikinshi ba, a kawo na baya. Ko su buɗe ka su tarar ba komi ciki sai taurin kai."

Ya yi tsaki, ya soke alamar farko, ya yi wata a ɗaya gefen, ya manna a ƙirji da kansa ya tabbatar. Na ce alhamdu lillahi a zuci, don inuwa ta riga ta fara tsawo. Amma da Gwaggo ta miƙa hannu, sai ya riƙe takardar gam.

Ya tambaye ta kwana nawa za su kwantar da shi. Ta ce aikin ba ya cin yini, amma zai yi kamar wata biyu bai ɗaga kaya ba, bai tuƙa ba. Ya ce jirgi ba ya wata biyu a tudu, rana za ta tsaga shi. Ya ce shekara talatin da shida suna tare, da shi ya ciyar da gida, da shi ya aurar da ƴaƴa. Ya ce ba wuƙar lokotoro yake tsoro ba. Abin da yake tsoro shi ne ya taso ya zo bakin gulbi ya tarar da turke babu igiya, a ce masa ai don lafiyarsa aka yi.

"Hwaɗa mini gaskiya, Kadi. Ba wasa ba. Mi yac ce miki?"

Tun da nake ban taɓa jin sun ajiye wasa ba sai ran nan.

"Ya zo gidana da hantsi," ta ce. "Ya durƙusa bakin ƙohwa. Ya ce, Gwaggo, ubana zai mutu cikin ruwa don kunyata. Daga nan bai iya ƙara komi ba sai kuka. Jirgi kuwa ko sau ɗaya bai ambata ba."

Ina jin ruwa na bugun cikin jirgin a turke, ina jin masu lodin albasa can nesa suna gardama. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai Baba ya fara dariya, irin ta ƙasa-ƙasa, ya dafe mara da hannu don kada abin ya fito.

"Kuka? Da wanga gemu nashi?"

"Har da majina."

"Uwarshi yab biyo. Ko laɓe bai iya ba. Tun zuwanki yatsun ƙahwarshi ke leƙowa ta ƙasan zana."

Na ja ƙafata da sauri, abin da ya sa Gwaggo ma ta fashe. Baba ya saki takardar ta faɗa mata a cinya. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo filafilinsa na tuƙin jirgi, wanda ko uwata ba ta isa ta gusar da shi in tana shara ba, ya ajiye a gabanta.

"Kin ci, tsohuwar banza. Ga ladanki."

"Mi zan yi da shi? Tuƙa tuwo?"

"Ki ba wanda kika so, ni ban san kowa ba. Ki dai hwaɗa mishi katako na uku daga tsakiya, hannun hagu, kusa da goshi, yana shan ruwa. Shi riƙa dubawa kahin shi ɗauki mutane. Kuma kada shi cika lodi don kwaɗayi, jirgin ba kamiyo ba ne."

Gwaggo ta turo filafilin ta ƙasan zana, ta biyo shi da takardar. Na ɗauka. Inda Baba ke riƙewa itacen ya lotsa ya yi santsi, har yanzu da ɗumin hannunsa. Na kasa tashi, hawaye suka sake zubo min ba kunya.

"Kai mai gemu," in ji Gwaggo, "in ka gama, an kusa kiran la'asar."

Na tashi na kama hanyar asibiti da gudu, takarda a hannu ɗaya, filafili a ɗaya. Ina hawa tudu na jiyo muryar Baba a bayana, da ƙarfi yadda zan ji, yana ce wa Gwaggo ta faɗa wa wancan ya ajiye filafilin, asibiti ba gulbi ba ne.

Ban ajiye ba. Da shi na shiga ofishin Majo.